Daskarewar jini a huhu bayan cututtukan numfashi: Tambayoyi da amsoshi

Idan mutum ya kwanta da mura mai tsanani ko cutar korona, ya fara samun sauƙi, sannan kwatsam numfashinsa ya sake sarƙewa, ba lallai ne a ce cutar ce ta dawo ba. Mai yiwuwa gudan jini ne ya toshe masa wata jijiya a cikin huhu.

Likitoci sun daɗe da sanin cewa cututtukan da ƙwayoyin bairus ke haddasawa a hanyoyin numfashi suna iya sa jini ya daskare a inda bai kamata ba. Sai dai annobar COVID-19, wadda ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen shekara ta 2019, ita ce ta fito da girman matsalar fili.

Ko da yake Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta sanar a ranar 5 ga watan Mayu na 2023 cewa cutar ta daina zama lamarin gaggawa na duniya, ƙwayar cutar ba ta gushe ba, haka ma sauran ƙwayoyin mura.

Ga bayani a kan yadda wannan larura ke faruwa, da alamominta, da kuma yadda ake maganinta.

Mece ce toshewar jijiyar huhu?

Duk jinin da ke jikin mutum sai ya bi ta cikin huhu domin ya ɗauki iskar oksijin. Zuciyar baligi tana tura kimanin lita biyar na jini a kowane minti ɗaya idan yana hutawa, kuma dukkan wannan jini ɓangaren dama na zuciya ne ke aika shi zuwa huhu.

Babbar jijiyar da ke ɗauke da jinin tana rabuwa gida biyu, ɗaya ta nufi huhun dama, ɗaya ta nufi na hagu. Daga nan kowacce ta ci gaba da rarrabuwa tana ƙara sirancewa, har ta kai ga wasu jijiyoyi da ido ba ya iya gani, waɗanda suka kewaye ƙananan jakunkunan iska na huhu.

A mafi yawan lokuta gudan jinin ba a huhu yake samuwa ba. Yakan fara ne a manyan jijiyoyin da ke can cikin tsokar ƙafa, ko cinya, ko ƙugu, larurar da likitoci ke taƙaita sunanta da DVT.

Idan wani yanki na gudan ya ɓalle, sai jini ya tafi da shi, ya ratsa ta cikin zuciya, ya je ya maƙale a inda jijiyar huhu ta yi masa kaɗan. Wannan toshewa ita ce likitoci ke kira PE a taƙaice.

Illar iri biyu ce. Iska tana shiga sashen huhun da abin ya shafa, amma babu jinin da zai ɗauke ta, don haka oksijin yakan ragu a jiki. Sannan ɓangaren dama na zuciya, wanda tsokarsa ba ta da kauri sosai, yakan wahala wajen tura jini ta hanyar da ta toshe.

Idan gudan babba ne, zuciya na iya gazawa cikin 'yan mintoci. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu wannan larura, mutuwar farat ɗaya ce alamar farko da ake gani a tare da su.

Me ke sa jini ya daskare a cikin jijiya?

Daskarewar jini a karan kanta rahama ce, domin ita ce ke tsayar da zubar jini idan mutum ya ji rauni. Matsalar tana tasowa ne idan jinin ya daskare a cikin jijiya ba tare da wani rauni na waje ba.

Wani likita Bajamushe, Rudolf Virchow, wanda ya rayu daga 1821 zuwa 1902, shi ne ya nuna a tsakiyar ƙarni na 19 cewa gudajin jinin da ake samu a huhun mamata daga jijiyoyin ƙafa suke tasowa.

Har yanzu ana danganta masa abubuwa uku da ake koya wa ɗaliban likitanci a matsayin musabbabin daskarewar jini.

Na farko shi ne jinkirin gudanar jini. Jinin ƙafa yana komawa zuciya ne da taimakon tsokar sha-raɓa, wadda ke matsa jijiyoyi a duk lokacin da mutum ya taka. Wanda ya daɗe a kwance ko a zaune, jininsa yakan kwanta.

Na biyu shi ne rauni ko kumburi a shimfiɗar da ke lulluɓe da cikin jijiya. Na uku kuma shi ne sauyi a cikin jinin kansa, wanda ke sa ya riƙa saurin daskarewa fiye da ƙima.

Tun daga shekara ta 2014 ake gudanar da Ranar Yaƙi da Daskarewar Jini ta Duniya a ranar 13 ga watan Oktoba, wato ranar haihuwar Virchow.

To mene ne haɗin wannan da cutar numfashi?

Cutar numfashi mai tsanani tana iya tara waɗannan abubuwa uku a jikin mutum ɗaya.

Mara lafiya yakan shafe kwanaki a kwance. Zazzaɓi da gumi da rashin cin abinci sukan rage ruwan jikinsa. Wanda aka ɗora a kan na'urar taimaka wa numfashi kuwa, yakan yi makonni ba ya motsi, ga kuma robobin da ake zura masa a manyan jijiyoyi domin ba shi magani.

Bayan haka akwai martanin da garkuwar jiki ke mayarwa. Idan ƙwayar cuta ta shiga huhu, jiki yakan fitar da wasu sinadarai masu kiran dakarun garkuwa zuwa wurin. Waɗannan sinadarai suna kumbura shimfiɗar cikin jijiyoyi, wadda a da santsi gare ta, sai ta zama wurin da ƙwayoyin jini ke liƙewa.

Hanta kuma takan ƙara yawan sinadaran daskarar da jini da take samarwa. Wasu fararen ƙwayoyin jini sukan saki wani abu mai kama da raga domin kama ƙwayar cuta, kuma wannan raga takan zama harsashin da gudan jini ke ginuwa a kai.

Masana sun yi bayanin cewa jiki yana yin haka ne domin ya killace ƙwayar cutar a wuri ɗaya. Amma idan martanin ya wuce gona da iri, sai ya koma cutar da mai shi.

Saboda haka ake samun nau'i biyu na toshewa a huhun irin waɗannan marasa lafiya. Akwai gudan da ya taso daga ƙafa, akwai kuma ƙananan gudaji masu yawa da ke samuwa a cikin huhun kansa, a daidai wuraren da cutar ta kumbura.

Me aka sani kafin zuwan korona?

A lokacin annobar SARS ta shekara ta 2003, wadda ta kama mutane kimanin dubu takwas, ta kuma hallaka kusan 800, binciken gawawwakin da aka yi a Singafo ya gano gudajin jini a huhun wasu daga cikin mamatan.

A shekara ta 2006, mujallar likitoci ta Lancet ta wallafa wani bincike da Liam Smeeth da abokan aikinsa suka yi a Birtaniya, inda suka duba bayanan marasa lafiya fiye da dubu goma da suka yi fama da daskarewar jini.

Sun gano cewa haɗarin daskarewar jini a ƙafa yakan kusan ninkawa a makonni biyu na farko bayan kamuwa da cutar numfashi, sannan ya riƙa raguwa a hankali cikin watanni. Waɗannan kuwa mutane ne da suka ga likita a unguwanninsu, ba waɗanda ke kwance a asibiti ba.

Sai kuma annobar murar H1N1, wadda aka fi sani da murar aladu, da WHO ta ayyana a matsayin annobar duniya a ranar 11 ga watan Yuni na 2009.

A wannan shekara hukumar CDC ta ba da rahoton wasu marasa lafiya goma da murar ta yi wa mummunan kamu, aka kwantar da su a sashen kulawa ta musamman na wani asibitin jami'a a jihar Michigan. Biyar daga cikinsu an same su da toshewar jijiyar huhu, kuma tara daga cikin goman masu ƙiba ne sosai.

Me annobar korona ta nuna?

Alamar farko daga Wuhan ta fito. A watan Fabrairu na 2020, likitoci a asibitin Tongji suka ba da rahoto a kan marasa lafiya 183, inda suka ce kimanin kashi 71 cikin ɗari na waɗanda suka mutu tsarin daskarewar jininsu ya rikice matuƙa. A cikin waɗanda suka rayu kuwa, ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari ne suka shiga wannan hali.

A watan Afrilu na wannan shekara, masu bincike a ƙasar Holan suka bi diddigin marasa lafiya 184 da ke sashen kulawa ta musamman a asibitoci uku. Sun ƙiyasta cewa kashi 31 cikin ɗari na irin waɗannan marasa lafiya suna gamuwa da daskarewar jini, akasari a huhu, duk da cewa ana yi musu allurar kariya.

A birnin Lille na Faransa, an sami toshewar jijiyar huhu a jikin mutum 22 daga cikin 107 na farko da aka kwantar a sashen kulawa ta musamman, wato kimanin kashi 20 cikin ɗari. Adadin ya ninka fiye da sau biyu abin da aka gani a wurin masu mura mai tsanani da aka kwantar a sashen a shekarar da ta gabata.

A birnin Hamburg na Jamus kuma, likitoci sun binciki gawawwakin mutum 12 da cutar ta kashe. Bakwai daga ciki suna da gudan jini a jijiyoyin ƙafa wanda ba a yi zarginsa ba kafin su rasu, kuma toshewar jijiyar huhu ce ta yi ajalin huɗu kai tsaye.

Wani binciken da aka wallafa a mujallar New England Journal of Medicine a watan Mayu na 2020 ya kwatanta huhun mutum bakwai da korona ta kashe da na wasu bakwai da murar H1N1 ta kashe. An ga ƙananan gudajin jini a duka ɓangarorin biyu, amma na masu korona sun ninka sau tara.

Waɗannan alƙaluma dai na farkon annoba ne, kuma na waɗanda cutar ta fi galabaitarwa ne. Adadin ya ragu daga baya, bayan da aka samu alluran rigakafi, aka kuma inganta hanyoyin jinya.

Har zuwa yaushe haɗarin ke ci gaba?

Haɗarin ba ya ƙarewa a ranar da zazzaɓi ya sauka.

Masu bincike a jami'ar Umea ta ƙasar Suwidin sun duba bayanan mutane fiye da miliyan ɗaya da suka kamu da korona tsakanin watan Fabrairu na 2020 da watan Mayu na 2021, aka kuma wallafa sakamakon a mujallar BMJ a watan Afrilu na 2022.

Binciken ya nuna cewa a cikin kwanaki 30 na farko, haɗarin toshewar jijiyar huhu ya ninka sau 33 idan aka kwatanta da waɗanda ba su kamu ba, na daskarewar jini a ƙafa kuma ya ninka sau biyar.

Haɗarin na ƙafa ya ci gaba har zuwa kimanin watanni uku, na huhu kuma har zuwa kimanin watanni shida.

Sai dai ya kamata a fahimci alƙaluman yadda suke. A cikin kowane mutum dubu ɗaya da suka kamu da cutar, ƙasa da biyu ne suka sami toshewar jijiyar huhu a wannan wata na farko, kuma abin ya fi yawa a cikin waɗanda jinya ta kai su asibiti.

Su wane ne suka fi fuskantar haɗari?

Cutar numfashi takan zo ne ta ƙara a kan wani haɗari da mutum ke ɗauke da shi tun farko.

Waɗanda abin ya fi shafa sun haɗa da masu yawan shekaru, da masu ƙiba, da masu ciwon daji, da masu ciwon zuciya, da waɗanda aka yi wa tiyata ko suka karye a ƙafa ba da daɗewa ba, da kuma duk wanda ya taɓa samun daskarewar jini a baya.

Mata masu juna biyu ma suna ciki, musamman a makonni shida na farko bayan haihuwa, haka kuma matan da ke shan ƙwayoyin tazarar haihuwa masu ɗauke da sinadarin istirojin.

Cutar sikila, wadda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da ita, tana ƙara saurin daskarewar jini. Binciken da aka yi a tsakanin baƙaƙen fata na Amurka ya nuna cewa ko masu rukunin jini na AS haɗarin toshewar jijiyar huhu a wurinsu ya kai kimanin ninki biyu na masu AA.

Cutar tarin fuka da cuta mai karya garkuwar jiki su ma suna cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin.

Akwai kuma doguwar tafiya. Wani rahoto da WHO ta fitar a shekara ta 2007 ya ce zama wuri ɗaya na awa huɗu ko fiye, a jirgin sama ko mota ko jirgin ƙasa, yana ninka haɗarin, ko da yake abin bai wuce mutum ɗaya cikin kimanin dubu shida ba.

Wannan ya shafi mahajjata daga Afirka ta Yamma, waɗanda tafiyarsu a jirgi ke wuce awa huɗu, kuma da dama daga cikinsu dattawa ne da ke dawowa gida da mura da tari.

Waɗanne alamomi ya kamata a lura da su?

Babbar alama ita ce sarƙewar numfashi da ta zo farat ɗaya, ko wadda ta ƙaru ba tare da wani dalili ba, musamman ga wanda ya fara murmurewa.

Sauran sun haɗa da ciwon ƙirji mai suka wanda ke ƙaruwa idan mutum ya ja dogon numfashi ko ya yi tari, da bugun zuciya da sauri, da tari mai fitar da jini, da jiri ko suma.

A ƙafa kuma, akan ga kumburi da ciwo da ɗumi a sha-raɓa ko cinya, galibi a ƙafa ɗaya. Ga mai baƙar fata ba lallai ne a ga ja ba, sai dai wurin ya ƙara duhu ko ya yi tauri. Da yawa daga cikin masu toshewar jijiyar huhu ba sa jin komai a ƙafa.

Wahalar da ke cikin lamarin ita ce waɗannan alamomi suna kama da na cutar numfashin kanta. Akan ɗauka nimoniya ce, ko asma, ko tarin fuka, a yi ta ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta alhali matsalar tana wani wuri dabam.

Likitoci na gargaɗin cewa bai kamata a yi wa ƙafar da ta kumbura tausa ko matsa ba, domin hakan na iya ɓalle gudan jinin. Abin da ya dace shi ne a garzaya da mara lafiya asibiti nan take.

Shahararriyar 'yar wasan tanis ta Amurka, Serena Williams, wadda ta sami wannan larura a 2011, ta bayyana cewa lokacin da numfashinta ya sarƙe kwana ɗaya bayan ta haihu a 2017, ita ce ta dage a yi mata hoton huhu, kuma hoton ya nuna gudajin jini.

Yaya ake gano ta?

Likita yakan fara da auna yiwuwar larurar, ta hanyar duba ƙafa, da ƙirga bugun zuciya ko ya haura ɗari a minti ɗaya, da tambayar tarihin mara lafiya.

Akwai gwajin jini da ake kira Di-daima, wanda ke auna ɓurɓushin gudan jini da jiki ke narkarwa. Idan sakamakon ya yi ƙasa ga wanda dama ba a yi masa zargi mai ƙarfi ba, to da wuya a ce yana da larurar.

Amma idan ya yi sama, hakan bai isa hujja ba, domin cutar numfashin kanta, da juna biyu, da tiyata, da tsufa duk suna ɗaga shi.

Gwajin da aka fi dogara da shi wajen tabbatarwa shi ne hoton CT na ƙirji, bayan an yi wa mara lafiya allurar wani ruwa da ke haska jijiyoyi. Inda babu wannan na'ura, ana iya duba jijiyoyin ƙafa da zuciya da na'urar sikanin, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita. Hoton ƙirji na yau da kullum ba ya nuna gudan jini.

Ƙa'idojin aikin likita sun amince a fara ba da magani tun kafin a kammala gwaji idan zargin ya yi ƙarfi.

Game da 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa domin auna oksijin, mai lafiya yakan nuna 95 zuwa 100. Sai dai wani bincike na jami'ar Michigan da aka wallafa a watan Disamba na 2020 ya gano cewa na'urar takan ɓoye ƙarancin oksijin a jikin baƙaƙen fata kusan sau uku fiye da na farare. Don haka bai kamata a yi watsi da sarƙewar numfashi ba don kawai na'urar ta nuna lamba mai kyau.

Yaya ake maganinta?

Ginshiƙin jinyar shi ne magungunan hana daskarewar jini, waɗanda aka fi sani da masu tsinka jini. Ba su ne ke narkar da gudan ba. Aikinsu shi ne hana shi girma da hana sabo samuwa, yayin da jiki ke narkar da tsohon a hankali.

Tun a shekara ta 1960 aka tabbatar da amfaninsu, lokacin da wasu likitoci biyu a birnin Bristol na Ingila, Barritt da Jordan, suka gwada su a kan marasa lafiya 35. Biyar daga cikin 19 da ba a ba maganin ba sun mutu sakamakon toshewar, amma ba ta kashe ko ɗaya daga cikin 16 da aka ba ba.

Akan fara da allurar hefarin, ko kuma da sababbin ƙwayoyi irin su ribaroksaban da afiksaban. Akwai kuma wafarin, wanda ake amfani da shi tun cikin shekarun 1950. Ya fi araha, amma yana buƙatar gwajin jini a kai a kai, kuma ba a ba mai juna biyu.

Mafi ƙarancin lokacin shan magani watanni uku ne. Wanda gudan ya sa hawan jininsa ya faɗi ƙasa sosai, akan yi masa allurar narkar da gudan nan take, wani lokaci kuma a cire shi ta hanyar tiyata ko zura bututu.

Babban haɗarin waɗannan magunguna shi ne zubar jini. Mai shansu ya kamata ya guji yin ƙaho da tsaga da sakiya, kada kuma ya haɗa su da asfirin ko magungunan gargajiya ba da sanin likita ba. Maganin tarin fuka na rifamfisin yana rage ƙarfin wasu daga cikinsu, yayin da yawan ganye irin su alayyafo da zogale ke shafar aikin wafarin, don haka ake son mutum ya daidaita yawan da yake ci.

Akasarin hefarin da ake amfani da shi a duniya daga hanjin alade ake samo shi. Malaman fiƙihu da dama sun halatta amfani da irin wannan magani bisa larura idan babu madadinsa. Akwai kuma allurar fondafarinuks da sababbin ƙwayoyin, waɗanda haɗa su ake yi ba daga jikin dabba ba, kuma mara lafiya na iya tambayar likita ko za su dace da shi.

Mafi yawan waɗanda aka yi wa magani da wuri suna warkewa. Kaɗan daga ciki, kimanin biyu zuwa huɗu cikin ɗari, gudan ba ya narkewa gaba ɗaya, sai ya bar musu hawan jini a jijiyoyin huhu. Saboda haka wanda numfashinsa bai daidaita ba bayan watanni uku yana buƙatar a sake duba shi.

Ana iya kauce mata?

Ga wanda ke jinya a gida, shawarar likitoci ita ce ya riƙa tashi yana ɗan takawa, ya riƙa motsa ƙafafunsa ko da a kwance yake, ya kuma sha ruwa isasshe. Haka ake shawartar matafiyi ya riƙa yi a kan hanya.

Ga wanda aka kwantar a asibiti, ƙa'ida ita ce a auna haɗarinsa, a yi masa ƙaramar allurar hefarin ta kariya idan babu abin da zai hana.

Wasu manyan gwaje-gwaje na ƙasa da ƙasa da aka wallafa a watan Agusta na 2021 sun nuna cewa cikakken ma'aunin hefarin ya taimaka wa masu korona da ke kwance a ɗakunan jinya na yau da kullum, amma bai amfani waɗanda ke sashen kulawa ta musamman ba.

Gwaje-gwajen da aka yi a kan masu jinya a gida ba su nuna amfanin ba kowa da kowa maganin tsinka jini ba. Haka kuma gwajin RECOVERY na Birtaniya ya gano cewa asfirin bai rage mace-mace ba a tsakanin masu korona da ke asibiti.

Shin allurar rigakafi ba ta jawo daskarewar jini?

A watan Maris na 2021 an gano wani nau'i na daskarewar jini da ba kasafai ake samunsa ba, a jikin wasu ƙalilan da aka yi wa allurar AstraZeneca, daga baya kuma ta Johnson and Johnson. Lamarin ya sa wasu ƙasashen Turai suka taƙaita amfani da allurar ga masu manyan shekaru.

Masu bincike a jami'ar Oxford sun duba bayanan mutane kimanin miliyan 29 a Ingila, suka wallafa sakamakon a watan Agusta na 2021. Sun ƙiyasta cewa a cikin kowane mutum miliyan goma da aka yi wa allurar AstraZeneca, an sami ƙarin mutum 66 da jininsu ya daskare a jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya. A cikin miliyan goma da suka kamu da cutar kanta kuwa, ƙarin ya haura mutum dubu 12.

Kamfanin AstraZeneca ya janye allurar tasa daga kasuwa a shekara ta 2024, yana mai cewa buƙatarta ta ragu bayan fitowar sababbin allurai.

Hukumomin lafiya da dama dai na ci gaba da shawartar tsofaffi da masu juna biyu da masu cututtukan da suka daɗe a jiki su karɓi rigakafin mura da na korona, kasancewar tsananin cutar shi ne abin da ya fi ƙara haɗarin daskarewar jinin.